Yadda Ake Kwance Matoshin Gindin Tsohuwar Bindigar Ɗuri

Bindigar da ake ɗurawa ta baki, in ka cire mata ƙota da makunni, wato na'urar da take kunna albarushi, abin da ya rage bututun ƙarfe ne mai buɗaɗɗen baki da toshasshen gindi. Abin da ya toshe gindin shi ne matoshi, wani guntun ƙarfe mai zare kamar na noti, wanda maƙeri ya murɗa cikin bututun tun ranar da aka ƙera bindigar. Duk ƙarfin albarushi idan ya tashi a kansa yake sauka, kuma fuskar mai harbi tana bayansa da tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba. Shi ya sa nake ɗaukar wannan aiki da muhimmanci fiye da kowane gyara da ake yi wa irin waɗannan bindigogi.

Maganar tawa a kan tsofaffin bindigogin Turai da Amurka ce masu layi a cikin bututu: Enfield ta Ingila samfurin 1853 mai faɗin baki inci .577, da Springfield ta Amurka samfurin 1861 mai inci .58, da dogayen bindigogin Fensilbaniya masu ƙanƙara, da irin waɗanda 'yan'uwan nan biyu Jacob da Samuel Hawken suka riƙa ƙerawa a birnin Sen Luwis. Har da kwaikwayonsu da aka yi daga baya, kamar Hawken ɗin kamfanin Thompson/Center da ta fito a 1970, da na kamfanin CVA. Sababbin da suka biyo bayan Knight MK-85 ta 1985 ba sa cikin zancen, don su an yi matoshinsu ne musamman domin a riƙa cire shi a duk wanki, da sifanarsa ake sayar da su.

Na tsofaffin ba haka yake ba. Maƙerin da ya ɗaura shi bai yi niyyar a sake kwance shi ba sai da babban dalili.

Shin sai an cire?

Tambayi kanka wannan kafin ka taɓa sifana. Wanki ba dalili ba ne. Ana wanke bindigar ɗuri ta baki da ruwa da tsumma a kan sandar ɗuri, haka aka yi ta yi shekaru ɗaruruwa. Harsashin da ya maƙale ma galibi ba dalili ba ne, akwai hanyoyin fitar da shi da zan zo kansu. Dalilan da na yarda da su kaɗan ne: wani abu ya karye a can ƙasa ya ƙi fita ta kowace hanya, ko ana ganin hayaƙi ko baƙin datti yana tsattsafowa ta mahaɗar matoshi da bututu, ko za a sabunta layin cikin bututun, ko kuma bindiga ce da ta yi shekara ɗari a rataye ana son a tabbatar da lafiyar zarenta kafin a sake harba ta.

In kuwa bindigar ta tarihi ce wadda ba za a ƙara harbawa ba, a bar kaza cikin gashinta. Tabon sifana ɗaya a kan wutsiyar matoshin bindigar da ta haura shekara 150 yana rage mata daraja, kuma ba ya gogewa. Garin neman gira ake rasa ido.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a taɓa ba sam. Bindigogin CVA da aka ƙera bututunsu a Sifen, 'yar gangar da nonon wuta (ɗan tsinin ƙarfe mai rami da ake kifa wa hular wuta, mabugi ya buga) yake zaune a kai tana ratsa bangon bututu ta shige cikin matoshin kansa, an huda su tare bayan an ɗaura. Wanda ya murɗa matoshin ba tare da ya san haka ba zai lalata zaren duka biyun, wanda ya cire su kuma da wuya ya mayar ramukan su sake haɗuwa daidai. Kamfanin ma ya hana a cire. Haka adakar mafarautanmu da bindigar toka ta 'yan bindigar hawan sallah: da yawansu maƙeran gida da walda suka rufe gindin, babu wani zare a ciki da zai kwance. Ka duba da kyau, in ba ka ga siririn layin mahaɗa ba, sai dunƙulen walda, to ba aikin sifana ba ne. A Najeriya kuma ka tuna dokar makamai ta 1959 ta ambaci adaka da mai ƙanƙara da mai hular wuta a cikin bindigogin da sai da lasisi ake riƙe su.

Ɗauka a ɗure take

Nan ne zan fi daɗewa, don nan ne ake mutuwa.

Bayan yaƙin Getisbag a 1863, sojojin Amurka sun tsince bindigogi fiye da 27,000 a filin daga. Kimanin 24,000 a ɗure aka same su, wajen rabin waɗannan kuma ɗuri fiye da ɗaya ne a cikinsu, an ɗura an sake ɗurawa a kai cikin ruɗewa. Irin waɗannan bindigogi ne suka watsu cikin gidaje. Haka manomi ko mafarauci yakan rataye tasa a ɗure saboda ko-ta-kwana, ya rasu, jikoki su gada ba wanda ya sani. Albarushi kuma ba ya tsufa. Gishirinsa da gawayinsa da farar wutarsa, in dai ba su jiƙe ba, bayan shekara ɗari suna tashi kamar jiya aka dama su.

Ga yadda ake dubawa. Juya bakin bindigar inda babu kowa, kuma ba wani abu da harsashi zai dawo daga kansa. In akwai hular wuta a kan nono, cire ta. In mai ƙanƙara ce, kwance ƙanƙarar gaba ɗaya ka share 'yar tasar da ake zuba albarushin kunnawa, domin mai ƙanƙara tana iya tashi ko tasar babu komai, tartsatsi ɗaya ya isa. Sai ka zura sandar katako ko ta tagulla cikin bututun har ta tsaya, ka riƙe ta da yatsu biyu daga gefe, kada tafin hannunka ko fuskarka su kasance a saitin baki. Yi alama a jikin sandar daidai bakin bututu. Zaro ta ka shimfiɗa a jikin bututun daga waje, alamar a daidai baki. In ƙarshen sandar ya kai ramin wuta ko gindin nono, babu komai a ciki. In ya rage inci ɗaya da rabi ko biyu ko fiye, akwai abu.

Abu ɗaya yana ruɗa mutane a nan. Tun 1787 wani maƙerin Landan mai suna Henry Nock ya fito da matoshi mai ɗan ɗaki a cikinsa, ramin da ya fi bututun ƙunci, inda wuta take fara kamawa. Hawken da yawancin kwaikwayonta irin wannan matoshi gare su. Sandar ɗuri mai kauri ba ta shiga ɗakin, sai ta tsaya a bakinsa, ka zaci akwai ɗuri alhali babu, ko kuma ka ce ai ɗakin ne alhali cike yake da albarushi. Maganinsa siririyar sandar tagulla da za ta shige ɗakin. Kunne ma yana taimakawa: sandar ƙarfe in ta faɗa kan matoshi tana ƙara tana ɗan tsalle, in ta faɗa kan dalma ko tsumma sai ka ji tim, shiru. Daga ƙarshe cire nonon ka hura iska ta raminsa da famfon keke, ka ji ko tana fita ta baki.

In ka tarar da ɗuri, kada ka ce bari in harba ya fita. Ba ka san wanda ya ɗura ba, ba ka san me ya zuba ba. Akwai masu farke harsashin zamani su juye garinsa a tsohuwar bindiga, wannan gari kuwa yana tarwatsa bututun da aka yi don baƙin albarushi. Zuba ruwa ta ramin nono da ta baki, ka bar shi ya kwana. Sai ka ɗaura maƙugiya mai kan sukuru a sandar ƙarfe mai ƙarfi, ka murɗa ta cikin dalmar ka ja. In ta ƙi, akwai 'yar na'urar iskar gas da ake dannawa a ramin nono ta tunkuɗo ɗurin, sai dai ka sani yana fitowa da gudun da zai ji wa mutum rauni, ka saita bakin ga tarin yashi. Hanyar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce ta giris: a ɗaura kan giris irin na mota mai zare daidai da na nonon, a yi ta bugawa da famfon giris har ɗurin ya tako a hankali ya faɗo. Zaren nonon yawancin kwaikwayon Amurka 1/4-28 ne, na Sifen kuma milimita 6 mai tazarar milimita 1, kada ka tilasta wani a ramin wani. Wankin giris ɗin daga baya akwai wahala, amma ba wanda ya ji ciwo.

Kada ka yarda da cewa ruwa ko mai sun kashe albarushin. Saman ne yake jiƙewa, cikin dunƙulen yana iya zama a bushe. Muddin akwai ɗuri a ciki, wuta ba ta kusantar bututun nan.

Raba bututu da ƙota

Zare sandar ɗuri. Ja mabugi zuwa rabin zango, ka kwance sukurorin da suka ratsa ƙota suka riƙe makunni, ka cire shi. Sukundireban ya zama ya cika tsagar sukurun daidai, in babu ka goge wani da magagari har ya dace, don tsagar tsofaffin sukurori siririya ce, na kasuwa yana tauna ta. Sai sukurun wutsiya, wato wanda ya bi ta doguwar wutsiyar matoshi ya shiga katako.

Abin da ya riƙe bututun a gaba ya danganta da irin bindigar. Enfield da Springfield zobba uku ne, ka zare su ka jera yadda suke, ka lura da fuskar da kowanne ya kalla. Hawken 'yan faifan ƙarfe ne da ake turawa ta gefe. Dogayen na Fensilbaniya siraran ƙusoshi ne, a fitar da su da abin tunkuɗa wanda bai kai su kauri ba, kowace a ajiye da sanin raminta. Kife bindigar a kan bargo, ka ɗan bubbuga, bututun ya sauko da nauyinsa. Kada ka kama baki ka ɗaga, wutsiya za ta ɓalle katakon bayanta. Ƙotar doguwar bindiga kuma da zarar bututu ya fita ba ta da ƙarfin kara, ɗaure ta a jikin katako miƙaƙƙe ka ajiye inda ba mai takawa.

Masu matoshi mai ƙugiya sun fi sauƙi: wutsiyar tana zama a ƙota, ka zare faifan ka ɗaga bututun ya fito da ƙugiyarsa.

Yanzu cire duk abin da ya shiga bututun ta gefe kusa da gindi. Nono, 'yar ganga, ko ɗan zoben ramin wuta na mai ƙanƙara. A tsofaffi da yawa ƙarshen gangar yana zaune cikin wani gurbi da aka sassaƙa a fuskar matoshi, ya zama sakata. In ba ta fita ba matoshi ba zai juya ba, in ya juya kuma ya karya ta.

Sannan juya bututun ka dubi ƙasansa. Yawancin maƙera suna buga ɗan layi da ya ratsa mahaɗar, rabi a bututu rabi a matoshi. Wannan layi, wato layin shaida, shi ne zai gaya maka inda za ka tsaya ranar mayarwa. In babu, ja naka da tsinin ƙarfe, siriri, a ƙasa inda katako zai rufe. Ɗauki hoto da waya.

Jiƙo

Abin da ya riƙe matoshin ba ɗaurin maƙeri kaɗai ba ne. Dattin albarushi yana jan laima, laimar ta haifi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta cike tsakanin zare. Mai ne yake sassauta ta, mai kuma lokaci yake so.

Toshe ramin wuta da tsinken katako. Tsayar da bututun baki sama, ka zuba man da ke ratsa tsatsa har ya kai kamar inci uku a ciki. A Amurka Kroil suka fi amfani da shi. In babu, kananzir yana aiki, haka haɗin jan man giyar mota mai atomatik da asiton rabi da rabi, sai dai a girgiza shi kafin a zuba don suna rabuwa, kuma asiton yana kama wuta nan da nan, yana cin fentin katako. Tsoma gindin kuma cikin gwangwanin da ke da man, ya rufe mahaɗar, ta yadda zai ci ta ciki da ta waje.

Bar shi mako guda. Wadda ta yi tsatsa sosai, biyu ko uku. Kullum ka ɗauko ka bubbugi gefen gindin da gudumar tagulla ko ta katako sau ashirin ko talatin, ba da ƙarfi ba, girgizar ce take farfasa tsatsa ta buɗe wa mai hanya. In rana tana da zafi ka shanya shi ya yi ɗumi, da dare ya huce, wannan buɗewa da tsukewa ma tana aiki. Bayan 'yan kwanaki ka fitar da shi daga gwangwanin, ka goge mahaɗar ta bushe, ka bar man ciki kawai. Ranar da ka ga danshi ya zagayo layin mahaɗar da kansa, mai ya ratsa zaren daga farko har ƙarshe.

Yawancin matosan da na ga an lalata, a rana ta farko aka lalata su, mutum ya fesa mai ya jira minti goma ya ɗauko sifana.

Riƙo

Rabin aikin a bayis yake, wato mamatsin ƙarfen da ake ɗaurewa a teburin aiki. Ana son babba, mai nauyi, ɗaure da teburin da ba ya motsi. In teburin yana rawa, ƙarfinka a rawar zai ƙare.

Haƙoran bayis ba sa taɓa bututu. In bututun mai kusurwa takwas ne, sa faifan tagulla ko jan ƙarfe ko alminiyam mai kauri a kowane gefe, ka kama fuskoki biyu masu kallon juna. Fata da roba suna da laushi da yawa, bututun yana juyawa a cikinsu kusurwoyinsa su goge. In zagayayye ne irin na Enfield, nemi katako mai tauri, ka huda rami daidai kaurin bututun, ka tsaga shi biyu, ka barbaɗa garin ƙaro a ciki don ya kama. A goge duk mai daga jikin bututun tukuna.

Wurin kamawa yana da muhimmanci ƙwarai. Zaren matoshi yakan shiga kamar rabin inci zuwa kashi uku cikin huɗu na inci. In ka matse daidai kansa, ka ƙara ƙulle abin da kake son kwancewa. In ka kama can nesa, tsakanin bayis da sifana bututun zai murɗe, tsofaffin bututu kuwa da ƙarfe mai laushi aka yi su, wanda maƙeri ya naɗe ya haɗa da guduma, yana murɗewa ya zauna a haka. Bar kamar inci ɗaya a waje, ka kama daga nan. Sauran tsawon bututun a tallafe shi da wani abu kada ya rataya. Ka kuma lura kada bayis ya hau kan majigin saiti ko 'yan kunnuwan da ke ƙasa masu riƙe bututu a ƙota.

Sifana kuma ba ta kama wutsiya. Wutsiya siririya ce, lanƙwashewa take yi ko ta karye. Ƙarƙashinta akwai dunƙulen ƙarfe mai fuska biyu, shi ne jikin matoshin, nan ake kamawa, a matso da sifanar har ta jingina da gindin bututu. Matsalar ita ce fuskokin nan biyu sau da yawa ba a miƙe suke ba, sun ɗan tsuke ta ƙasa, sai sifana mai daidaitawa ta kama sama kawai ta zame ta cinye kusurwa. Cike giɓin da 'yan faifan tagulla har ta zauna daram ba ta girgiza. Abin da ya fi, ka sami ƙarfe mai faɗi da kauri, tsawon kamu ɗaya, ka yanke masa baki ka goge da magagari har ya shiga matoshin kamar an haife su tare. Yinin da ka ɓata a kan wannan bai tafi a banza ba. Sifanar masu gyaran famfo mai haƙora kuwa, kada ta shigo ɗakin ma.

Kwancewa

Tsaya a bayan bututun kana kallon gindinsa. Zaren na dama ne kamar na kowane noti, saboda haka hagu za ka juya, saɓanin tafiyar agogo.

Danna sifanar da hannu ɗaya ta zauna, ka ɗora mata nauyi kaɗan, sai ka bugi ƙarshen hannunta da gudumar katako mai nauyi ko ta dalma, bugu ɗaya mai kyau. Bugu yana karya tsatsa fiye da ja a hankali, ja a hankali shi ne yake murɗe ƙarfe. Duba layin shaida. In ya gusa ko da kaurin gashi ne, ka ci nasara. In bai gusa ba, sake daidaita sifanar, ka duba faifan tagullar ba su zame ba, ka ƙara biyu ko uku. Wani lokaci bugu ɗaya mara ƙarfi ta wajen ɗaurewa, sannan a dawo ta kwancewa, yana sa ya saki.

Ana iya zura fayif a hannun sifana don ƙarin tsawo, kuma na Thompson/Center da injin kamfani ya ɗaure sau da yawa sai da haka. Amma a tsohuwa ta ainihi ina jin tsoronsa, domin dogon fayif yana ɗauke maka jin abin da ƙarfen yake yi. In ka ji sifana tana tafiya da laushi alhali layin shaida bai motsa ba, tsaya nan take: ba zare ne yake juyawa ba, ƙarfe ne yake ba da kai.

In ya ƙi, mayar da shi cikin mai wani makon. Sannu ba ta hana zuwa.

Wuta

Ita ce ta ƙarshe, kuma sai an cika sharuɗɗa biyu: ka tabbatar da idonka da sandarka babu ɗuri, ka kuma zubar da man ciki ka goge ka bar shi ya sha iska. A yi a fili, bakin bututu a buɗe yana kallon inda ba kowa, gwangwanin kananzir da asiton suna nesa.

Da ƙaramar wutar gas ake yi, ba ta masu walda ba. Zagaya harshen wutar a jikin bututun daidai inda zaren yake, kada ka tsaya wuri ɗaya, kuma bututun kake gasawa ba matoshin ba, so ake na waje ya buɗe ya saki na ciki. Zafin da ake nema shi ne wanda ɗigon ruwa zai yi tsalle a kai, ragowar mai ya fara hayaƙi. In farin ƙarfe ya soma komawa ruwan ƙasa-ƙasa kamar kara, ka haura digiri 200 na Salsiyas, ya isa haka. A bar ƙarfe ya yi ja kuwa haramun ne a wannan aiki. Ka tuna dalmar lici tana narkewa tun wajen digiri 185, kuma da ita aka manne haƙarƙarin da ke ƙarƙashin bututun Hawken da wasu kunnuwa da majigai. Naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma. Launin da aka yi wa ƙarfen ma yana iya canzawa, wannan hasara ce da za ka amince da ita tun kafin ka kunna.

Da zafinsa ka gwada sifana. In bai saki ba, goga kyandir a mahaɗar, kakin yana narkewa ya bi zaren, ko ka bari ya ɗan huce ka ɗiga mai. Bar shi ya huce da kansa, kada ka tsoma a ruwa. Zagaye uku ko huɗu na zafi da mai da hucewa suna kwance mafi yawan masu taurin kai. Wanda ya wuce wannan, na maƙerin bindiga ne mai injin gurza, shi zai huda matoshin ya fitar da shi gutsu-gutsu ya yi sabo.

Bayan ya motsa

Kada murna ta sa ka zare shi a tashi ɗaya. Juya kaɗan, mayar kaɗan, ɗiga mai, ƙara gaba. Garin tsatsar da ke tsakanin zaren in aka tilasta shi yana dunƙulewa ya yage zaren.

Da ya fito, wanke duka biyun da kananzir da buroshin tagulla. Kada ka bi zaren da abin yanka zare na zamani. Kwaikwayon yanzu suna da ma'auni sananne, kamar 5/8-18 ko 3/4-16, amma maƙeran da kowa da nasa kayan yankan da ya yi da hannunsa, zarensu bai dace da na kowa ba. Tsinken tagulla da haƙuri su ne kayan aikin.

Sai dubawa, wadda domin ita aka sha duk wannan wahala. Kalli zaren matoshi da na cikin bututu a hasken rana: suna da kaifi, ko tsatsa ta cinye su sun zama kamar haƙoran tsoho? Zagaye nawa ne suka rage lafiyayyu? Dubi fuskar matoshin, ko wuta ta ƙwaƙule ta. In baƙin datti ya bi zaren har ƙarshe, iskar harbi ta daɗe tana bi ta nan. Nemi tsaga a bangon bututu, musamman tsakanin zare da ramin wuta. Ɗaga bututun ka leƙa ta gindi zuwa haske, yanzu ne kaɗai za ka ga cikinsa duka, da ramukan tsatsa da duk wani kumburi mai kama da baƙin zobe. Daga nan murɗa matoshin da hannu zuwa rabi ka girgiza shi. In yana lilo, ko kuma ya shige har ya wuce layin shaida da hannu kawai, wannan bindiga ta gama harbi sai an yi mata sabon matoshi. Kada a naɗa farin tef ɗin masu famfo, kada a cusa waya ko faifai, kada a zuba gam. Ba ɗayansu da zai tsaya gaban albarushi.

Mayarwa

Matoshi mai kyau wuri biyu yake zama a lokaci guda: fuskarsa ta danne kafaɗar da ke cikin bututu inda zare ya ƙare, kafaɗarsa ta waje kuma ta haɗu da gindin bututu. Don ka gani, shafa wa fuskar baƙin maka ko hayaƙin kyandir, ka ɗaura ka kwance. In baƙin ya goge a zagaye cikakke, zama ya yi. In bai taɓa ba, akwai giɓin da datti zai taru tsumma ya riƙa maƙalewa, sai a kai wa gwani.

Goge shi, shafa giris mai garin jan ƙarfe irin wanda ake sa wa zaren fulogin mota, kaɗan, a zaren kawai. Fara murɗawa da yatsu, ka tabbata ya hau daidai. Ya kamata ya tsaya da hannu saura kaɗan ya kai layi, ƙasa da faɗin fuska ɗaya daga cikin takwas ɗin. Mayar da bututun a bayis yadda ka kama shi da farko, ka ja da sifana a hankali har rabin layin nan biyu su zama ɗaya. Kada ka wuce. In ka wuce ka dawo baya, ɗaurin ya saki, wutsiya kuma ba za ta kwanta a gurbinta na katako ba.

Mayar da ganga ko zoben ramin wuta, sannan nono, kowanne da ɗan giris. Hura iska ka ji tana fita ta baki. Zura sanda ka yi mata sabuwar alama ta dindindin a daidai baki, domin duk wanda ya ɗauki bindigar nan gaba ya gane babu komai a ciki da kallo ɗaya. Shafa mai a ƙasan bututu kafin ya koma ƙota, ka sa wutsiya ta fara zama sannan gaban ya sauka, zobba ko ƙusoshi kowanne a inda ya fito.

In za a harba ta, harbin farko ba a kafaɗa ake yi ba. Bayan wanda ya san aikin ya duba ta, a ɗaure ta a jikin tsohuwar tayar mota a fili, a yi ɗuri mara yawa, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan abin kariya. Kafin nan a naɗa farin tsumma a kan mahaɗar. In an kwance an ga baƙi a jikinsa, ko layin shaida ya gusa, matoshin yana yoyo, sai a sake sauke bututun.